Wutar Wa Ce? Fashin Baƙi Kan Fitilun Dare da Kurwar Matattu a Almarar Japan

A cikin Nihon Shoki, kundin tarihin da fadar Japan ta kammala a shekarar 720, akwai labarin Sarki Keiko, wanda Japanawa ke lissafawa na 12 a jerin sarakunansu. Ya taso a jirgin ruwa daga Ashikita, can tsibirin Kyushu, sai rana ta faɗi suna tsakiyar ruwa. Duhu ya rufa, matuƙi ya rasa inda gaɓa take. Can nesa sai ga wuta tana ci. Sarki ya ce a miƙe wajenta kawai. Suka bi ta har jirgi ya taɓa ƙasa. Da ya sauka ya tambayi sunan garin, aka gaya masa. Ya sake tambaya: wutar wa ce muka biyo? Aka nemi mai ita sama da ƙasa, babu. Nan aka yanke cewa ba wutar ɗan Adam ba ce, aka raɗa wa yankin suna Hi no Kuni, wato Ƙasar Wuta. Ita kuwa wutar, har gobe sunanta shiranui, ma'ana wutar da ba a sani ba.

Duk mai son gane almarar Japan game da hasken da ke yawo cikin dare, ya riƙe tambayar nan ta sarki. Baƙo zai haɗa su duka ya ce wutar aljanu, ya wuce abinsa. Masu abin ba haka suka ɗauke shi ba. Sunaye gare su barkatai, kusan kowane lardi da nasa, kuma kowane suna amsa ce ga tambayar. Wannan ta mamaci ce, waccan ta mayaƙan da ruwa ya ci, ga ta dila, ga ta wata tsohuwa da aka san garinsu aka san laifinta. Siffar wutar ba ta dame su ba kamar mai ita, da abin da ya hana shi kwanciya.

Sai mutum ya shiga duhun wancan zamani kafin tambayar ta yi masa nauyin da ta yi musu. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, fitilar gida ita ce andon: ɗan kasko na mai da lagwani, an yi masa keji na itace an liƙe da takarda. Aci-balbal ce aka sa wa riga, haskenta da ƙyar ya isa a zura zare a allura. Man ƙwarai, wanda ake matsowa daga ƙwayar wani tsiro da suke kira natane, tsada gare shi. Talaka man kifi yake ƙonawa, ga hayaƙi ga ƙarni. Kyandir kuwa sai mai hali. Don haka duk hasken da ka hango da dare, akwai mutum a bayansa, an kashe kuɗi, kuma akwai dalilin fitowa. Ga shi garuruwan na katako ne da takarda. Gobarar Meireki ta 1657 ta lashe mafi yawan birnin Edo, wato Tokyo ta yau, ta hallaka dubun dubatar mutane. A irin wannan ƙasa, wuta marar mai ita a tsakiyar gonar shinkafa ba abin da za a gani a kau da kai ba ne.

Malaman lokacin, bisa ilmin da suka gada daga littattafan Sin, sun raba wuta gida biyu. Akwai wadda kowa ya sani, mai cin ciyawa, ruwa ya kashe ta. Akwai kuma inka, wutar inuwa, wadda ba ta ƙona ko kara, danshi ma ƙara mata ƙarfi yake yi. Shi ya sa da yawa daga cikin labaran nan a daren yayyafi suke faruwa.

Wadda ta fi shahara ita ce hitodama. Hito mutum ke nan, tama kuma wani abu ne a cikin mutum da kan iya ficewa ya bar gangar jiki. Kalmarmu da ta fi kusa da shi ita ce kurwa. Kamar yadda mutanen da kan ce an kama kurwar wane alhali yana kwance yana numfashi, haka tama kan fita tun mai ita bai cika ba. Masu ba da labari sun ce curi ce kamar ƙwallo, shuɗiya-shuɗiya ko ja-ja, tana jan wutsiya, tana lilo a hankali daidai tsayin rufin ɗaki. A wurare da dama an ce takan fito daga gidan da ake jinya kwana biyu ko uku kafin a yi rasuwa. Wanda ya gan ta, ya san gidan da za a yi makoki.

Abin ba na jiya ba ne. A Man'yoshu, tarin waƙoƙin Japan mafi tsufa, wanda aka harhaɗa a ƙarni na 8, akwai waƙa a littafi na 16 da ke maganar gamo da wani mai shuɗin fuska irin na hitodama, a daren ruwa, mutum yana shi kaɗai. Launin da yayyafin duk suna nan tun shekaru 1,200 da suka wuce. Amma abin da ya fi ratsa ni shi ne na Izumi Shikibu, mawaƙiyar da ta rayu wajen shekara ta 1000. Mijinta ya juya mata baya, ta tafi wurin bauta na Kibune a arewacin Kyoto, ta ga maƙesu, ƙwarin nan masu walƙiya, suna tashi a bakin rafi. Ta ce saboda tsananin begen da take ciki, har gani take kamar kurwarta ce ta fice daga jikinta take yawo. Babu tsoro a nan ko kaɗan, tausayi ne zalla. Mu da muka tashi a kan cewa rai in ya fita ya tafi barzahu ba ya dawowa yawo, ba sai mun gaskata hitodama ba kafin mu ji abin da matar nan take faɗi.

Onibi, wutar oni, wato dodanninsu masu ƙaho, ita ce ta ban tsoro. Wani likitan Osaka, Terajima Ryoan, ya yi bayaninta a babban kundinsa Wakan Sansai Zue na 1712: shuɗin haske ne da kan watse ya sake haɗuwa, asalinsa kuma jinin mutane da dawakai da shanun da ya tsuma a ƙasa ya daɗe. Ke nan onibi tana bin inda aka yi kisa. Fitaccen wurinta shi ne mashigin ruwa na Dan-no-ura, kusa da Shimonoseki, inda a 1185 gidan Minamoto ya murƙushe gidan Taira a yaƙin jiragen ruwa. Da suka ga ba mafita, manyan Taira suka riƙa faɗawa teku, kakar Sarki Antoku ta rungume shi, yaro ɗan shekara shida, ta nutse da shi. Lafcadio Hearn, Baturen da ya zauna a Japan ya tattara labaransu a littafinsa Kwaidan na 1904, ya rubuta cewa a dare mai duhu dubban irin wutar nan kan yi ta shawagi a bakin gaɓar. Masunta a sassa da dama na ƙasar suna da nasu labarin na funayurei, fatalwar waɗanda ruwa ya ci, masu biyo jirgi su ce a ba su ludayi. In ka ba su, da shi za su cika maka jirgi da ruwa. Dabarar ita ce a ajiye ludayin da aka fasa wa gindi, a miƙa musu shi.

Akwai rukuni guda da ya fi kowane fallasa halin rayuwar mutanen, shi ne na ɓarayin mai. A 1776 mai zane Toriyama Sekien ya fitar da littafin hotunan dodanni, Gazu Hyakki Yagyo, kuma a ciki akwai wuta biyu masu kan mutum a tsakiya. Ɗaya sogenbi, wutar Sogen, wani malamin addinin Buddha a haikalin Mibu da ke Kyoto, wanda aka ce ya riƙa satar kuɗin sadaka da man fitilun haikalin, da ya mutu aka mai da shi wuta mai yawo. Ɗayar ubagabi, wutar tsohuwa, daga wurin bauta na Hiraoka a tsohon lardin Kawachi, gabas da Osaka. Marubuci Ihara Saikaku ya ba da labarinta tun 1685. A bakinsa, kyakkyawa ce a ƙuruciyarta, sai dai duk mijin da ta aura mutuwa yake yi, har maza suka guje ta. Ta tsufa tukuf ita kaɗai, kaɗi take yi ta ci abinci, ba ta da kuɗin man da za ta ga zare da dare. Sai ta riƙa laɓaɓawa tana ɗibar man fitilun wurin bauta. Masu hidimar wurin suka ga fitilu na mutuwa kowane dare, suka yi kwanto, suka harbe ta da kibiya. Kanta ya tashi sama yana aman wuta, ya ci gaba da firgita matafiya. Maganinta kalma ɗaya ce: a ce abura-sashi, wato butar zuba mai, sai ta ɓace.

A fili, labarin gargaɗi ne ga mai taɓa kayan wurin bauta. Ni dai ban iya karanta shi haka kawai ba. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Tsohuwa ce da gari ya yasar, ta saci haske don ta yi sana'a, aka kashe ta a kan cokalin mai, sannan garin ya shafe shekaru aru-aru yana tsoron haɗuwa da ita a hanya. Har bayan mutuwa ambaton butar mai na sa ta ɓuya don kunya. Mutanen da suka riƙe labarin nan suna maimaita shi, ina ganin sun san akwai hakkinta a wuyansu.

Ba duka ne na baƙin ciki ba. Kitsune dabba ce mai kama da yanyawa, amma wajen wayo da rikiɗa ita ce dilan tatsuniyoyinsu, don haka bari mu ce masa dila. Dila ɗan aiken Inari ne, abin bautar da Japanawa ke danganta wa shinkafa da albarkar gona. Wutarsa, kitsunebi, ba ɗaya-ɗaya take zuwa ba, jeri take yi a gindin dutse, ta mutu ta kama. A da da dare ake kai amarya, 'yan rakiya na riƙe da fitilun takarda, kuma a ƙauye kowa ya san gidan da ake biki. In aka hango jerin fitilu alhali ba wanda ke aurar da 'ya, sai a ce diloli ne ke kai amaryarsu.

A Oji, arewacin Tokyo, an ce duk daren ƙarshe na shekara dilolin lardunan Kanto takwas, wato yankin da Tokyo take ciki, kan taru a gindin wata katuwar bishiya da ake kira enoki, su kintsa, sannan su wuce gaisuwa wurin bauta na Oji Inari. Manoman yankin kan tsaya daga nesa su ƙirga wutar, daga yawanta su yi hasashen yadda damina za ta kaya. Mai zane Hiroshige ya sa wannan dare a jerin hotunansa na wurare ɗari na Edo a 1857, shekara guda kafin rasuwarsa. Sama toka-toka ce da taurari tsilli-tsilli. Bishiyar ta kaɗe ganye, rassanta tsirara, ga tarin bambaron shinkafa a gefe. Dilolin na tsaitsaye a gindinta, jikinsu na ɗaukar ido, kowane da ɗan harshen wuta a gaban fuskarsa, wasu sun waiga. In ka bi inda suke kallo, can cikin fili za ka ga ɗigo-ɗigon haske, 'yan'uwansu ne ke tafe. Babu mutum ko ɗaya a hoton. An sare bishiyar a 1929 da za a faɗaɗa hanya. Tun 1993 kuma mutanen unguwar suka mai da labarin biki: da tsakar daren sabuwar shekara sukan yi kwalliyar fuskar dila, su ɗauki fitilu, su yi jerin gwano zuwa Oji Inari.

Birni ma ya mai da tsoron abin nishaɗi. Akwai zaman hira da ake kira hyakumonogatari, labari ɗari: a kunna lagwani ɗari a fitilar da aka liƙa wa shuɗiyar takarda, duk wanda ya gama labarin fatalwa ya kashe ɗaya. An ce in na ƙarshe ya mutu wani abu zai bayyana, don haka masu hankali kan tsaya a 99. A dandalin kabuki kuwa, wasan kwaikwayonsu na gargajiya, ƙyalle ko auduga ake tsomawa a barasa mai ƙarfi, a kunna, a rataya a bakin sanda ana lilo da ita kusa da mai wasan fatalwa. Shuɗiyar wutar da ake zanawa kusa da fatalwa a zanen Japan har yau, dandalin nan na cikin abin da ya kafa ta a idon jama'a.

Da Japan ta buɗe ƙofa ga ilmin Turai bayan 1868, sai tambayar sarki ta koma hannun 'yan boko. Inoue Enryo, wanda ya kafa makarantar da ta zama Jami'ar Toyo, ya zagaye ƙasar yana lacca yana warware labaran dodanni ɗaya bayan ɗaya, har aka yi masa laƙabi da Daktan Dodanni. Yanagita Kunio, uban nazarin al'adun gargajiyar Japan, ya bi wata hanyar. Shi bai damu da ko gaskiya ne ko ƙarya ba, so yake ya san me ya sa mutane suka faɗa. Shi ne ya bambance cewa yokai, dodanni, wuri suke riƙewa, su tsorata duk wanda ya bi ta nan da almuru, ita kuwa yurei, fatalwa, mutum takamaimai take bi, sai dare ya raba. Kalmar Japananci ta almuru ma, tasogare, asalinta tambaya ce: wane ne wancan?

Bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne na iskar gas. A shekarar da Sekien ya fitar da littafinsa, 1776, masanin kimiyya Alessandro Volta yana tafkin Maggiore a Italiya yana tara iskar da ruɓaɓɓen ganye ke fitarwa a ƙasan fadama, wadda yanzu ake kira metan. Tana cin wuta, amma ba ta kamawa da kanta sai an ƙyasta mata, shi ya sa wasu suka ce wata iskar mai sinadarin fosfaras ce ke kunna ta. A Japan an daɗe ana cewa fosfaras ɗin gawa ne ke tashi daga kabari a daren ruwa, tunda a da binnewa ake yi a yawancin karkara, ba kamar yau da ake ƙona sama da kashi 99 cikin ɗari na gawarwaki ba. Sai dai fosfaras ɗin da ke cikin ƙashi a ɗaure yake da sinadarin kalsiyam, ba ya haske. Akwai kuma tsukiyotake, wata laimar kwaɗi da ke fitowa a jikin matattun itatuwa tana ba da koren haske da dare, ga maƙesu, ga zalɓen da ya tashi cikin farin wata. A 1991 masanin kimiyya Otsuki Yoshihiko na Jami'ar Waseda ya wallafa a mujallar Nature yadda shi da abokin aikinsa suka haɗa ƙwallon wuta a ɗakin gwaji, da irin igiyar lantarkin da na'urar ɗumama abinci ke aiki da ita. Kowane bayani ya ɗauki wani yanki na labaran. Ba wanda ya kwashe su duka, kuma ba mamaki, tunda tun farko ba abu ɗaya ba ne mutane suka gani.

Shiranui ce aka fi warware wa zare. Tana bayyana a tekun Yatsushiro, jihar Kumamoto, a daren shiga ranar farko ta wata na takwas a tsohuwar kalandar wata, lokacin da babu farin wata kuma ruwan teku ke janyewa sosai. Masu kallo kan taru a tudun wurin bauta na Einoo. Da farko wuta ɗaya ko biyu ke fitowa, ana ce musu oyabi, uwar wuta. Sai ta rabu hagu da dama, ta yi ta haihuwa har ta zama jeri mai tsawo a kan ruwa. In ka shiga jirgi ka nufe ta, ba za ka cim mata ba. Binciken Miyanishi Michika, wanda ya fito a littafi a 1943, ya nuna cewa dangin kawalwalniya ce. In ruwa ya janye, filin laka kan huce da sauri, ragowar ruwan da ke kwance a kwaruruka kuma yana da ɗumi. Iska mai sanyi da mai ɗumi sai su jeru gefe da gefe, su karya hasken fitilar masunci guda ya zama goma, ya zama ɗari. Ashe wutar tana da mai ita, wani bawan Allah ne ke neman abincinsa. Yau ganinta ya yi wuya, domin an cike wani ɓangare na filin lakar an mai da shi gonaki, hasken lantarki kuma ya kori duhun.

Abin da lantarki bai kora ba shi ne wutar da rayayyu ke kunna wa matattu. A bikin Obon, daga 13 zuwa 16 ga Agusta a yawancin ƙasar, a watan Yuli kuma a Tokyo, Japanawa sun ɗauka cewa kakanni na dawowa gida ziyara. Da yammacin ranar 13 iyali kan fito ƙofar gida da ɗan faranti na yumɓu, su karya busasshen karan rama su kunna, don baƙin su ga hanya. A cikin gida an soka wa kokwamba tsinke huɗu ta zama doki, don su zo da sauri. An soka wa gauta huɗu ta zama saniya, don su koma a hankali. Ranar 16 a sake kunna wuta ta sallama. A Kyoto duwatsu biyar ake kunna wa, daga ƙarfe takwas na dare, na farko da siffar harafin da ke nufin babba, ana hango shi daga cikin gari.

A Hiroshima ba a jira Obon. Ranar 6 ga Agusta 1945, da ƙarfe 8:15 na safe, bam ɗin nukiliya ya fashe a saman birnin, mutanen da suka ƙone suka yi ta faɗawa koguna don neman ruwa, da yawa a nan suka cika. 'Yan shekaru bayan yaƙin, iyalansu suka fara sakin fitilun da suka haɗa da hannunsu a kan ruwan. Har yanzu duk daren 6 ga Agusta dubban fitilun takarda, ja da kore da rawaya, kan gangara kogin Motoyasu, su wuce ta gaban kangon ginin nan mai ƙubba da bam ɗin ya bari a tsaye. A jikin takardar akan rubuta sunan wanda ya rasu, da sunan wanda ya sako fitilar.